Romo Ɗaya, Tukunya Biyu

Hajiya Suwaiba mai gidan saukar baƙi ce a garin Wudil, nesa kaɗan da bakin gada. Ɗakunanta ba su da yawa, kuma ba su ne ke jawo mata mutane ba, girkinta ne. Tana da wani romo da take haɗawa da ƙashin sa daga kasuwar kara da kawunan kifin kogi, ta bar shi ya dahu har ya yi kauri, sannan ta riƙa ɗiba tana zubawa a duk miyar da ta ɗora. Wanda ya ci sau ɗaya sai ya dawo. Mace ce mai kyauta da sakin fuska, amma tana da aibi guda: ba a yi mata gyara a kan tukunya. Yabo ya shiga kanta ya zauna, har ta kai in ka ce gishiri ya ɗan yi yawa, to kai ne harshenka ya lalace.

A wata damina ruwa ya yi gyara sosai. Kogi ya cika ya tumbatsa, ya cinye hanyoyin ƙauyuka, ya kwantar da turakun wuta. Cikin ƙauyukan da ruwa ya kewaye har da Tudun Giginya, inda 'yarta ta fari, Juwairiyya, take aure, ga ta da tsohon ciki. Hukuma ta hana kwalekwale shiga bayan wani ya kife da mutane. Ba abin da ya rage wa Hajiya sai waya da addu'a.

Ana haka aka turo jirgin sojan sama mai saukar ungulu don kai abinci da magani ga waɗanda ruwa ya tsare. Aka ajiye jirgin a filin wata makaranta, matuƙansa kuma aka kama musu ɗakuna a gidan Hajiya. Su biyu ne: Lukman, babban matuƙi, da mataimakinsa Timothy. Tare da su akwai Sajan Markus, wanda ke kula da kwanansu da cinsu. Tun ranar da suka sauka ya same ta a madafa, suka gaisa, ya ce:

"Hajiya, muna da doka ɗaya a kan abinci. Matuƙan nan biyu ba sa cin girki ɗaya in akwai tashi a gabansu. Ke za ki riƙa ba Oga Lukman, shi kuma Oga Timothy zan riƙa karɓo masa a wajen Madam Rahila ta bakin jami'a."

Hajiya ta ajiye ludayi. "To Sajan, guba nake sa wa mutane?"

"Haba Hajiya, wa ya isa ya ce haka? Abinci ne, ko na wane gwani wata rana yakan ɓata ciki. In ɗaya ya kwanta, ɗaya na tsaye, jirgi zai tashi. In duka biyu suka kwanta, shi ke nan, ƙarfe ne kawai a fili."

"Ikon Allah. Mutane su kwana gida ɗaya, su hau jirgi ɗaya, amma kwano ya raba su. Ni tun kafin a haife ku nake ciyar da baƙi, ban taɓa jin wanda cikinsa ya ko murɗa ba."

Ta yarda dai, amma a baki. Abin da ya ƙara mata zafi shi ne ranar da ta ji Timothy yana suɗe cokali a tsakar gidanta yana cewa Madam Rahila ta iya dafa-duka. A gidanta, a kan tabarmarta, ana yabon hannun wata! Ranar ko abincin rana ba ta iya ci ba. Washegari ta tare Markus ta ce ita za ta yi girki biyu, murhu biyu, tukunya biyu, cefane daban-daban, ya daina wahalar da kansa zuwa bakin jami'a. Markus ya ce in dai babu abin da zai haɗa su, ya amince.

Kwanakin farko ta cika alkawari. Lukman ya ci tuwo, Timothy ya ci shinkafa. A ɗaya kawai take zuba romonta, ɗayar kuwa ta bar ta haka, tana kallonta kamar marainiya. Wanda ya sami mai romo yakan yi santi, ɗayan ya ce an gode kawai. Wannan "an gode" ɗin ita ke ci mata rai.

Ran nan da yamma, bayan jirgi ya dawo daga aikin ranar, Mudassir mijin Juwairiyya ya kira. Ya ce:

"Umma, naƙuda ta tashi tun azahar. Ungozoma ta duba ta ce ɗan a gicciye yake, ba aikinta ba ne, sai asibiti."

Hajiya ta fito ko mayafi ba ta ɗauka ba, ta sami Lukman ta faɗa masa. Nan take ya kira na gaba da shi, aka ba shi izini. Sai dai rana ta riga ta faɗi, kuma tudun ƙarami ne, ga giginyu ta ko'ina, ba a sauka a kansa cikin duhu.

"Mama, ki kwantar da hankalinki," in ji shi. "Gari na wayewa, da zarar mun iya ganin ƙasa, ita za mu fara ɗaukowa. Tafiyar ba ta da nisa. Kafin hantsi tana asibiti, in sha Allahu."

Ta yi ta sa musu albarka. Da ta koma madafa zuciyarta cike da godiya, sai ta ga ba abin da za ta saka wa waɗannan bayin Allah da shi sai abin da ta fi iyawa. Yau kam kowannensu sai ya san hannun Suwaiba. Ta ɗora miyar kuka a murhu ɗaya, miyar dage-dage a ɗayan, ta ce wa Indo, ƙanwar mijinta da ke taya ta aiki, ta ɗauko mata romo daga firij.

Firij ɗin nan tun da turakun wuta suka faɗi bai ƙara yin sanyin kirki ba. Janareta kuwa ɗakunan baƙi ake ba, don su sami barci da fanka. Indo ta buɗe robar, ta kai hanci, ta yamutsa fuska.

"Yaya, romon nan kamar ya ɗan juya fa."

"Hancinki ne ya juya. Kawo nan." Ta shinshina. Ita ma ta ji wani ɗan tsami-tsami, amma ta kawar da kai. "Wuta za ta kashe shi. A ƙara daddawa da citta."

"To ko a sa a ɗaya kawai, kamar kullum? Kin san abin da Sajan ya ce."

"Sajan ne zai koya mini girki? Mutanen da za su ɗauko mini yarinya gobe, in ba ɗaya mai daɗi in ba ɗaya salam? Tukunya biyu ya ce, ga tukunya biyu."

Ta zuba ludayi uku a nan, uku a can. Indo ta koma kan aikinta, don ta san halin kayanta.

Da aka kai abinci, Markus ya leƙo kafin ya wuce fili wajen masu gadin jirgi. Ya dubi kwanukan ya ce, "Hajiya, babu dai abin da ya haɗa su ko?"

"Ko gishirinsu ba ɗaya ba ne," in ji ta, ba ta ko ƙifta ido ba.

Matuƙan suka ci suka yi nak. Timothy har ƙari ya nema, ya ce, "Mama, ashe da can ɓoye mini kike yi. Wannan ai ya fi na kowa." Hajiya ta yi murmushi, ta ji sanyi har cikin ranta. Abin da take jira ke nan.

Da asuba, maimakon ƙarar takalma, sai ta ji kakarin amai. Ta fito ta tarar da Timothy durƙushe a bakin rariya, Lukman kuma ya fito daga banɗaki yana dafa bango, gumi na zuba, fuskarsa ta yi fari fat. Duk da haka ya saka kayan aikinsa, ya ce a kawo mota. Bai kai ƙofar gida ba ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya zauna daɓas a ƙasa. Likitan da Markus ya kira ya duba su ya ce abinci ne ya ɓata musu ciki, ya ɗaura musu ruwa, ya ce ko keke kada wanda ya hau yau, balle jirgi.

Hajiya ta kama hannun rigar Markus. "Sajan, kai ba za ka iya ba? Ka ce tafiyar ba nisa!"

"Ni ba matuƙi ba ne, Hajiya. Da ɗayansu na da lafiya, da an ba shi izini ya je shi kaɗai, tun da aikin ceto ne. Yanzu sai dai a turo wasu, kuma waɗanda suka san irin wannan jirgin suna Kaduna. Na kira, sun kamo hanya."

Gari ya waye tangaran, sama tas babu ko ɗigon girgije, irin safiyar da matuƙi ke so. Jirgi na zaune a fili, cike da mai. Wayar Hajiya kuwa ba ta huta ba. Mudassir ya kira ya ce sun share wurin sauka, sun fito da Juwairiyya a kan katifa. Ya sake kira ya ce ba su ji ƙarar jirgi ba. Da hantsi ya kira ya ce ta fara zubar da jini. Daga nan ya daina magana sosai, sai dai ya ce, "Umma, suna ina?" Ita kuma ta zauna a bakin madafa, tukwanen jiya biyu na gabanta ba a ko wanke ba, Indo na gefe ta ƙi haɗa ido da ita.

Sababbin matuƙa suka iso bayan azahar. Kafin su gama duba jirgi hadari ya haɗo daga gabas, aka tsuge da ruwa da iska. Sai bayan la'asar sama ta buɗe suka tashi. Aka ɗauko Juwairiyya ba ta san inda kanta yake ba, aka wuce da ita ɗakin tiyata. Allah ya yi da sauran kwananta, ta rayu. Ɗan kuwa, namiji ne, an ciro shi ba rai. Likita bai ɓoye ba, ya ce da da safe aka kawo ta, da yana sa ran duka biyun.

Washegari Hajiya ta dawo gida daga asibiti ɗaukar ruwan zafi, ta tarar da Lukman yana jiranta a tsakar gida, ya rame a kwana ɗaya, alamar allurar ƙarin ruwa na hannunsa. Ya rusuna ya yi mata ta'aziyya, sannan ya ce:

"Mama, ki yafe mana. Ni na yi miki alkawari, na kasa cikawa. Na rasa yadda aka yi mu biyu muka kwanta lokaci guda. Ina jin ko ruwan da muka sha a ƙauye ne. Laifina ne, da na hana."

Wannan magana ta fi mata zagi ciwo. Ga ƙofa a buɗe, da ta yi shiru da shi ke nan, ruwan ƙauye ya ɗauki laifi. Amma ganin mutumin nan yana neman gafararta a kan abin da hannunta ya aikata, sai ta kasa. Ta fashe da kuka.

"Ba ruwa ba ne, ɗana. Romo ne. Na zuba muku shi duka biyu, kuma na ji ya juya. Sajan ya tambaye ni na yi masa ƙarya."

Lukman bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya," ya shiga ɗaki. Kafin magariba Markus ya kwashe kayansu zuwa wani masaukin. Hajiya ba ta ko lura da fitarsu ba, don abin da ke gabanta ya fi wannan nauyi.

A asibiti ta tarar Juwairiyya ta farfaɗo sosai. Ta haɗa mata shayi, ta tallafo kanta tana ba ta. Yarinyar ta kurɓa kaɗan, ta ɗago ido ta ce a hankali:

"Umma, tun da asuba nake sauraren ƙarar jirgin nan. Ina jin motsin ɗan a cikina har hantsi, ina ce masa ya ƙara haƙuri. Me ya hana su zuwa?"

Hajiya ta janye kofin. Ta ajiye shi a ƙasa. Sannan ta ce:

"Ni ce na hana su."

Darasin wannan labari shi ne, duk dokar da masu wata sana'a suka kafa, akwai abin da suka gani kafin su kafa ta, ko da mu ba mu gan shi ba. Gwanintarka a fagenka ba ta ba ka ikon rushe ƙa'idar fagen wani, kuma kyakkyawar niyya ba ta wanke ƙarya. Hajiya Suwaiba ba muguwa ba ce, alheri ta yi nufi, amma son yabo ya toshe mata kunne ga gargaɗin Sajan da na Indo, har ma da na hancinta. Idan aka ba ka amana da sharaɗi, ka cika shi a ɓoye kamar yadda za ka cika shi a gaban ido. In ba za ka iya ba, ka faɗa tun da wuri. Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho, kuma sau da yawa ba shi kaɗai zai ji ba, har da wanda ya fi ƙauna.