Saƙonnin da Nawaf Ya Share

Akwai wani matashi a unguwar Mansur ta Makka mai suna Nawaf, injiniyan kwamfuta, haifaffen Makka, jikan Katsinawa. Ranar wata Laraba da ƙarfe goma na safe, ana gab da fita Mina, ya aika sabon gyara zuwa makullan ɗakunan wani masaukin alhazai.

Ƙaramin kamfanin da yake wa aiki ne ya haɗa makullan, irin waɗanda ake kara wa kati su buɗe. Kowanne yana da 'yar kwamfuta a ciki. Can tsakiyar manhajarta, wurin da masu sana'ar ke kira kanel, akwai sashen amsa kira: da zarar kati ya taɓa makulli, na'urar takan ajiye duk abin da take yi ta amsa shi tukuna.

Rumasa'u, babbarsa a wurin aiki, ita ta rubuta wannan sashe. Lokacin gwaji ta cika shi da ƙananan saƙonni don ta riƙa sanin inda na'ura ta kai, kuma da Hausa ta rubuta su: "na iso nan", "kati ya zo", "ina raye". Bayan gwaji dole a cire su, domin suna cin batir, suna cika ma'adana. Ba ta kai ga cirewa ba hutun haihuwa ya riske ta, sai ta miƙa wa Nawaf aikin.

"Ɗaya bayan ɗaya za ka cire su," in ji ta. "Ka cire, ka kara kati, ka gani. Kuma a tsohon makulli za ka gwada, irin na masaukin."

Nawaf ya yi dariya. "Ya Muhandisa, saƙo ne fa, ba ya komai sai surutu. Wai ina raye! In mai gidanmu mudir ya gani cewa zai yi tsofaffin unguwar Nakkasa muka ɗauka aiki."

"To, Allah ya ba da sa'a," ta ce.

Zama ɗaya ya share su duka. Ya gwada a sabon makullin da ke kan teburinsa, ya buɗe. Shi ke nan ya aika.

Bayan Azahar alhazai suka dawo daga Harami, ƙafafu a kumbure. Duk wanda ya kara kati, sai makulli ya yi tsit. Ba ƙara, ba fitila. Makullan kuma ba su da ramin mabuɗi.

Da Nawaf ya iso, ya tarar da tsofaffi zazzaune a dakalin bene, wasu sun shimfiɗa sallaya a ƙofar ɗaki. Mudir, shugaban kamfaninsu, na tsaye, waya biyu a hannu.

"Isma', ya Nawaf, saurara. In aka kira Magariba da sauran ƙofa ɗaya a rufe, kada ka zo gobe. Halas."

Ya fara da batir, lafiyarsu lau. Ya koma kan katunan, ya koma kan intanet na masaukin. Ya sake aika gyara, babu makullin da ya karɓa, domin duk sun sandare. Ya kwance murfin ɗaya, ya jona kwamfutarsa don ya ga inda na'urar ta tsaya. Allo fayau. Saƙonnin da za su gaya masa, shi ya share su da hannunsa.

Wata tsohuwa, Hajiya Zainabu, ta matso tana dogara sanda.

"Ɗan nan, kai ne mai ƙofar?"

"Aiwa, Hajiya. Shuwayya kawai, ki yi haƙuri."

"Shuwayyar nan tun Azahar nake jin ta. Allurar sugata tana ciki. Mu a ƙauye kwaɗon kasuwa muke sawa, bai taɓa yi mana yaji ba."

Mutane suka yi dariya. Ba a jima ba mudir ya sa aka ɓalle ƙofarta da guduma don a ɗauko allurar. Kowane bugu, Nawaf sai ya ji kamar a ƙirjinsa.

Duk da haka bai yarda ba. Yana ta faɗa wa kansa saƙo ba ya buɗe ƙofa, ba ya rufe ta. Haka ya yi ta lalube har La'asar ta wuce, rigarsa ta jiƙe, yatsunsa suka fara kuskuren maɓalli. Sannan ya kira Rumasa'u a gidanta da ke unguwar Hindawiyya.

"Yaya Rumasa'u, ki taimake ni. Duk sun mutu."

Ana jin kukan jariri a bayanta. Ba ta ce na gaya maka ba. Cewa ta yi, "Ka sha ruwa tukuna. Ka sha? To, mayar da saƙonnin duka a makulli ɗaya."

Ya mayar. Ya kara kati, ƙofa ta buɗe.

"Yanzu cire na farko. Kara."

Ta buɗe. Ya cire na biyu, ta buɗe. Da ya cire "kati ya zo", makulli ya sandare.

"To ga shi nan," in ji ta. "Tsohon makulli yana da nawa wajen karanta kati. Ɗan lokacin da na'ura ke ɓatawa tana rubuta saƙon nan, shi ke ba shi damar gamawa. Ni kaina ban sani ba, saƙon ne ya rufa mana asiri. Da ka bi a hankali, a kan tebur za ka gano, mu gyara shi yadda ya kamata. Yanzu bar wannan saƙon ɗaya a ciki, ka bi ƙofofin."

"Duka? Da hannu?"

"Da hannu, ya habibi. Yalla, fara da ɗakunan tsofaffi."

Ya bi su ƙofa ƙofa, yana kwance murfi, yana jona waya, yana ɗaurewa. Gwiwoyinsa suka goge a kan tayil. Yana hawa na biyar ladan ya kira Magariba, saura hawa ɗaya cur bai taɓa ba.

Bai tsaya ba sai da ya buɗe ƙofa ta ƙarshe. Washegari aka sallame shi daga aiki.

Darasi: Abin da ka tarar wani ya ajiye, kada ka share shi don kawai ya yi maka kama da shara. Ka tambaya, ka bi a sannu, kuma in ka kakare ka nemi taimako tun rana ba ta faɗi ba. Ku tura wa duk wanda aka damƙa wa aikin wani a hannu.