Gunda a Ƙafar Rumbu

Akwai wani manomi mai son a ce shi ne gaba. Ya ji maƙwabcinsa zai gina rumbu, sai ya ruga daji ya saro itatuwa ɗanyu shar, ya kafa su ƙafafun nasa rumbun. Bai ɓare ɓawon ba, bai babbaka su a wuta yadda iyayenmu suke yi ba. Wai ɓata lokaci ne.

To, gunda, ƙwaron nan mai huda itace, ba ta sallama. Ta bi ta ƙarƙashin ɓawon ta shige.

Wata safiya matarsa tana shara ta ce, "Maigida, ga gari a gindin rumbu, ni kuwa ban yi niƙa a nan ba."

Ya duƙa, ya ga ƴan ramuka kamar bakin allura. Ya waiga ko maƙwabci na leƙe, ya ɗebo laka ya shafe su sumul. "Ina ramin yake? Share garin, ki yi shiru."

Ta ce, "Ni zan yi shiru. Su na cikin fa, ka gaya musu?"

Kaka ta yi, dawa ta yi kyau. Ya ɗura rumbu har wuya, ya hau can bisa, ya buɗe murya: "Maƙwabci! Fito ka ga rumbun maza!"

Ƙafa guda ta ce ƙarass. Sauran suka amsa mata. Rumbu ya zauna daɓas ya tsage, dawar shekara ta watse, maigida ya yi ƙasa ƙafafu a sama. Maƙwabci bai iso ba tukuna, kaji da awakin unguwa suka riga shi.

Matar tana korar akuya tana cewa, "Sannu, maigida. Ai ka kira, sun zo gani."

Ma'anar wannan misali ita ce: gunda zunubi ne ƙarami, ƴar ƙarya, ɗan ƙyashi, ƴar gulma. Garin nan gargaɗi ne. Lakar kuwa ita ce rigar Lahadi da "Amin" mai ƙarfi. Ni na fi kowa a ikilisiyar nan sanin itace, ku tambaya, kuma ina gaya muku laka ba ta kashe ƙwaro. Mutum yana duban bayan itace, Ubangiji kuwa yana duban cikinsa. Wanda ya ga gari a gindin zuciyarsa, ya tuba yau, a sauya ƙafar tun rumbu bai cika ba.