Wasiƙar da Samsinar Ba Ta Rubuta Ba

Patahuddin masassaƙin jiragen ruwa ne a ƙauyenmu, can gaɓar kudancin Sulawesi. Daeng Pata muke ce masa, Daeng kuwa laƙabin girmamawa ne a wurinmu. A sanin katako ba shi da na biyu a yankin. Yakan ƙwanƙwasa gungume da bayan gizago, ya kasa kunne, ya gaya maka ko zai yi shekara talatin a ruwa ko zai ruɓe kafin damina uku. Ba ya caca, ba ya shaye-shaye, bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba. Aibinsa ɗaya ne, amma ya ishe shi: girman kai a cikin gida. A ganinsa, tun ranar da aka ɗaura masa aure da Samsinar, bakinta da hannunta da ra'ayinta duk sun koma aljihunsa.

Ita Samsinar noman ciyawar teku take yi, kamar yawancin matan ƙauyen. Su ɗaura iri a igiya, su kai ruwa, in ta yi su kwaso su baza a kan yashi ta bushe. Filin shanyar nan shi ne abincinsu. Sai ga shi shugaban ƙauye na lokacin, Haji Beddu, ya fara maganar bai wa wani baƙo filin ya haƙa tafkunan kiwon jatan lande. Mata suka je gabansa sau uku, sau uku yana sallamarsu da murmushi. Da zaɓe ya matso, sai suka taru a gidan Samsinar suka ce ita za ta tsaya.

Ba ta amsa musu ba sai da ta shawarci mijinta. Suna cin abincin rana ta ce, "Daeng, mata sun ce in tsaya takarar shugabancin ƙauye. Me ka gani?"

Ya yi dariya har shinkafa ta sarƙe shi. "Ki tsaya mana, Maman Tenri, wa ya riƙe ki? In kin samu ƙuri'a goma, ni da hannuna zan gasa miki kifi."

Ya amince ne don ya ɗauka wasa ne. Ita kuwa washegari ta zo ofishin ƙauye ta cike takarda. Ni na karɓa, domin a shekarar ni ne sakataren kwamitin zaɓe, bayan na yi ritaya daga koyarwa.

Cikin mako uku magana ta sauya. Masunta suka fara cewa matar nan ta san abin da take faɗa. Tsofaffi suka fara gayyatarta shan kofi a barandarsu. Har a bakin masallaci ana cewa Haji Beddu ya gamu da gamonsa.

Wata safiya Daeng Pata ya shiga rumfar mai kofi, ya tarar da Sangkala, wani maƙwabcinsa mai bakin tsiya, yana jiransa.

"A'a, ku matsa, ku matsa! Uwargidan ƙauye ta iso!"

Aka fashe da dariya.

"Da wa kake?" in ji Daeng Pata.

"Da kai mana, Daeng. Ai ka san matar shugaban ƙauye ita ke jagorantar ƙungiyar mata. To in mace ta hau, wa zai riƙe? Kai ne za ka koya musu girkin miyar kifi, ka auna jarirai ranar awo. Mu dai ka gaya mana launin ɗankwalin da kake so, mu yi maka karo-karo."

Daeng Pata ya ajiye kofin bai kurɓa ba. Ya wuce gida, ya tarar da Samsinar a ƙarƙashin gidan, da yake gidajenmu a kan turaku ake gina su, tana warware igiya.

"Gobe ki je ki cire sunanki."

Ta ɗago kai. "Me ya faru, Daeng?"

"Ba abin da ya faru. Na ce ki cire."

"Na tambaye ka kafin in shiga, ka ce in shiga. Yanzu mata sun dogara da ni. In akwai dalili, zauna ka gaya min, mu duba tare. In kuwa dariyar Sangkala ce, ba zan sayar da filin shanyar mutane saboda ita ba."

"Ni ne maigida a nan ko ke?"

"Kai ne. Ban taɓa musun wannan ba. Amma sunan da ke kan takardar nawa ne."

Da rana sai ga shi a ofis, ko sallama bai ƙarasa ba. "Malam, na zo in cire sunan matata."

Na ba shi kujera, na ce, "Daeng, wanda ya sa sunansa shi ke cirewa."

"Mijinta ne ni. Doka da kanta ta ce miji ne shugaban gida."

"Ta faɗa. Amma a wurin da ta faɗi haka, ta kuma ce haƙƙin mace da matsayinta daidai suke da na mijinta, kuma kowannenku yana da ikon tsaya wa kansa a gaban hukuma. Shugabancin gida daban, mallakar hannun mutum daban. In ita ce ta zo ta ce in soke wata takardarka, haka zan gaya mata. In tana so ta janye, ta rubuto wasiƙa, ta manna kan sarki, ta sa hannu."

Ya dube ni ya ce, "Wasiƙa kawai?"

Na ce, "Wasiƙa kawai."

Bayan kwana biyu ya dawo da ambulan. Ya ce sun yi magana, ta fahimta, kunyar mata ce ta hana ta zuwa da kanta. Na ga kan sarki, na ga sa hannu, na saka a fayil. A nan ni ma na yi nawa laifin, kuma ba zan ɓoye ba. Da mace ce ta kawo min wasiƙar janyewar mijinta, wallahi da na aika an kira shi na ji daga bakinsa. Amma da yake miji ne ya kawo ta matarsa, ko a raina ban yi tambaya ba.

Ranar Asabar aka taru a zauren ƙauye don a karanta sunayen 'yan takara. Wuri ya cika har tagogi. Akwai ɗan sanda guda da aka turo saboda tsaro. Samsinar tana zaune a layin gaba cikin mata, Daeng Pata yana tsaye a baya ya harɗe hannu. Lissafinsa shi ne, in aka karanta a gaban jama'a, kunya ba za ta bar ta ta ƙaryata mijinta ba.

Na miƙe na ce ɗaya daga cikin 'yan takara ta janye, na buɗe wasiƙar na karanta: "Ni, Samsinar Patahuddin, bisa son raina, ba tare da tilas ba..."

"Malam, dakata."

Ta miƙe tsaye. Muryarta ba ta rawa ko kaɗan.

"Wace ce Samsinar Patahuddin?"

Na ce, "Ke mana."

"Ni sunana Samsinar. Haka yake a katin shaidata, haka yake a takardar aurena, haka na rubuta a gabanka ranar da na cike takarda. Ban taɓa liƙa sunan kowa a bayan nawa ba. Ɗauko waccan ka haɗa da wannan."

Na ɗauko na haɗa. Wanda ya kwaikwayi sa hannun ya yi ƙoƙari, amma ya kasa barin sunanta shi kaɗai. A sama da ƙasa, sai da ya ƙara nasa.

Kai ɗaya bayan ɗaya ya fara juyawa baya. Har a lokacin, da Daeng Pata ya sunkuyar da kai ya fita, da wataƙila an rufa masa asiri. Amma girman kai rawanin tsiya ne. Ya daka tsawa ya ce, "Ni na rubuta! To sai me? Matata ce! Hannunta da nawa duk ɗaya ne!"

Ɗan sandan ya tako gaba a hankali. "Daeng, ka san abin da ka faɗa yanzu a gaban shaidu? Kwaikwayon sa hannun wani laifi ne da ke kai mutum kurkuku. Ko da na matar mutum ne, ba a ware ba." Ya juya ga Samsinar. "Hajiya, za ki shigar da ƙara?"

Sai a lokacin na ga fuskar Daeng Pata ta sauya. Mutumin da ya zo ya nuna wa duniya cewa matarsa ba ta da ta cewa, ga shi ana jiran abin da za ta ce a kansa.

Ta dube shi. Sannan ta ce, "Ba zan kai uban 'yata kurkuku ba. A mayar min da sunana, shi ke nan."

Kwamiti ya zauna nan take, muka soke wasiƙar, muka mayar da sunanta. Ni kuma na nemi afuwarta a gaban kowa.

Da yamma ta ɗauki 'yarsu Tenri da kayanta, ta koma gidan da mahaifiyarta ta bar mata gado. Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Wanta, Ambo Upe, shi ne ya kasa haƙuri. Ina wurin ya shigo yana huci.

"Filin da rumfar sassaƙarsa take kai, ba sunanki ne a takardar ba? Sayar da shi gobe! Ya ga yadda ake ji."

Ta ce, "Yaya, filin nan bayan aurenmu muka same shi, da guminsa da nawa. Ba ni da ikon sayarwa sai da yardarsa, kamar yadda ba shi da ikon cire sunana sai da yardata. Dokar da ta tsaya min a zaure ita ce take tsaya masa a filin nan. In na taka ta, me ya bambanta ni da shi?"

Filin ya tsira, amma abin da ke kansa bai tsira ba. A lokacin Daeng Pata yana da babban aiki a hannu, jirgin dakon kaya na wani mai jirage daga tsibirin da ke tsallake. An riga an kafa ƙashin bayan jirgin. Mutumin ya ji labari, ya tsallako da kansa.

"Daeng, katakon da ke ƙarƙashin ruwa ba na ganinsa. Maganarka nake saya, in ɗora mutanena a kai. Wanda ya yi wa uwar 'yarsa ƙarya a takarda, ni wane ne da ba zai yi min a katako ba?"

Ya sa aka kwashe katakonsa zuwa wani ƙauye. Wani da ya ba shi aiki shi ma ya bi sahu, na uku ma haka. Ma'aikatansa suka watse neman abinci. Da ya tare Sangkala ya ce shi ya jawo masa, sai Sangkala ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Haba Daeng, ni wasa na yi da baki. Kai ka ɗauki alƙalami."

Samsinar ta ci zaɓe. Filin shanya ya zauna a hannun mata. Shi kuwa Daeng Pata, gwanin da ake tsallako teku a nema, ya koma aikin yini a rumfar wani a ƙauyen gaba, yana yanka inda aka zana masa.

Sai da ya yi wata bakwai kafin ya iya zuwa gidan marigayiya surukarsa, inda Samsinar take. Da la'asar ya zo. Ya tsaya a gindin tsani, bai hau ba, ya yi sallama. Ta leƙo daga baranda.

"Maman Tenri, na zo in ba ki haƙuri."

"Haƙurin me, Daeng? Faɗi in ji."

Ya ce, "Na yi magana da bakinki ba ki sani ba. Na ɗauka tunda na aure ki, ba sauran abin da yake naki ke kaɗai. Na yi kuskure."

Ta ce, "Na yafe tun ranar. Amma yafiya daban, yarda daban. Yafiya kyauta ake bayarwa, yarda kuwa sai an sake ginawa. Hau ka sha kofi, 'yarka tana tambayarka."

Ya hau. Ya yi ta zuwa haka har kusan shekara kafin ta koma gidansu, da ƙafarta, a ranar da ta zaɓa. Yau suna zaune lafiya, kuma in za a yanke shawara a gidan, su biyu ke zama. Amma manyan ayyuka ba su dawo ba. Ƙananan kwalekwale yake gyarawa a bakin ruwa. Matarsa ta yafe masa, kasuwa ba ta yafe ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Aure yana haɗa mutum biyu ne, ba ya shafe ɗaya don ɗaya ya yi girma. Miji yana da sunansa da hannunsa da haƙƙinsa, mace ma tana da nata, kuma dokar da ke kare ɗaya ita ce ke kare ɗayan. Shugabancin gida amana ce da ake riƙewa da shawara, ba izini ba ne na yin magana da bakin wani ko sa hannu a madadinsa. Kada dariyar 'yan rumfa ta sa ka ci amanar wadda kuke kwana ku tashi tare, domin ranar da abin ya lalace, masu dariyar za su kama gabansu su bar ka da kayanka. Wanda ya girmama 'yancin abokin zamansa bai rage komai daga mutuncinsa ba. Wanda ya ƙwace shi kuwa, nasa mutuncin yake fara zubarwa.