Lambobin Wayar Da Mai Sola Ya Saya

Akwai wani mai haɗa wutar sola, gwani ne a aikinsa, amma kasuwa ta ja baya har batura suka yi ƙura a shago.

Rannan wani mai zaƙin baki ya shigo, sai ƙamshin turare yake. Ya ce yana sayar da lambobin mutanen da ke neman sola ido rufe. "Kai dai kira kawai, maigida, ciniki ya faɗa."

Yayar mai sola, wadda ke ɗinki a shagon kusa, ta ja shi gefe. "Ƙanena, ka tambaye shi inda ya samo su. Wa ya taɓa saye a wurinsa? Ya ba ka kaɗan ka gwada mana."

Ya yi dariya. "Yaya, ki ji da kekenki. Wannan harkar zamani ce."

Ya biya, ya yini yana kira. Duk wanda ya ɗauka tambaya ɗaya yake yi: "Ina shagon naka yake?" Shi kuwa sai kwatance yake, baki har kunne.

Washegari da hantsi ya ji hayaniya. Yana leƙowa ya ga mutane sun cika ƙofa, wasu da sanduna.

Wani dattijo ya nuna shi. "Ga abokin ɓarawon nan! Mutuminku ya karɓi kuɗinmu zai haɗa mana sola, ya ɓace. Yanzu kai ka dawo zagaye na biyu?"

Mai sola ya ja da baya. Ashe lambobin waɗanda aka damfara aka sayar masa.

Ya ja ƙofa ya kulle, ya laɓe bayan batura. Ya kira mai turaren, waya a kashe. Duwatsu na sauka kan ƙofa. Da ya ji wani na cewa a kawo fetur, sai ya kama salati.

Can ya jiyo muryar Yaya a waje tana cewa: "Sai dai ku fara da ni! Na kira 'yan sanda, ku bari su zo."

Da 'yan sanda suka iso, da ƙyar aka fitar da shi. Bincike ya wanke shi daga baya, amma har yau in baƙo ya tsaya ƙofar shagon, sai gabansa ya faɗi.

Darasi: Kafin ka sayi lambobin kwastomomi, ka san mai sayarwa, ka san inda ya samo su, ka tabbatar masu lambobin sun amince, sannan ka gwada kaɗan. Rigakafi ya fi magani. Ku tura wa 'yan'uwa masu sana'a.