Tsohon da Mota Ta Sauke a Tasha

Ku gyara zama. Wannan labarin ba irin wanda ake ji a kaɗe riga a tashi ba ne, don in na kai ƙarshe sai na ji ta bakin kowa.

A wata tasha da hanyoyi suka haɗu akwai mata uku masu sayar da abinci a rumfa ɗaya: Rakiya mai koko da ƙosai, Zulai mai shinkafa da wake, da Sa'ade mai fura. Sun daɗe tare har kowacce ta san tarin 'yar'uwarta. Wata safiya, bayan manyan motoci sun sauke kaya sun wuce, sai ga wani tsoho zaune a gindin rumfarsu, ba jaka ba sanda. Aka tambaye shi sunansa, ya yi murmushi. Aka tambaye shi garinsu, ya ce, "Nan baya kaɗan," ya nuna gabas. Da aka sake tambaya sai ya nuna yamma. Tsufa ya kwashe masa komai. 'Yan kamasho, waɗanda kun san ba ruwansu da duk wanda ba fasinja ba, suka ce mahaukaci ne, a kora shi gaba kafin ya saba da wurin.

Rakiya ta miƙa masa koko, kuma da ya kawo hannu zai karɓa sai idonta ya tsaya a kan hannun. Faratansa a yanke suke tsaf, dama da hagu, alhali mai rawar hannu irin tasa ba zai iya yanke wa kansa ba. Ta dubi wuyan rigarsa, ta ga faci da aka kwantar da bakinsa don kada ya goge masa fata. Ita ta yi jinyar mahaifinta har ya cika, ta san irin hannun da ke wannan aiki. Ta ce da 'yan kamashon, "Wannan ba yasasshe ba ne. Akwai wadda ke can tana kuka a kansa." Ta roƙi maigidanta ya ba shi zaure, ta sanar da mai unguwa, aka yi cigiya a masallaci da kasuwa, shiru. Ita ta riƙa janyo shi daga bakin titi, ita ta yi jinyarsa da zazzaɓin damina ya kayar da shi. Amma tana gani yana ƙara bushewa, abinci ba ya kama jikinsa, idonsa kullum a ƙofa. Tsoro ya kama ta sosai. Ta san in ba a kai shi gida ba, a zaurenta zai mutu, a binne shi ba wanda ya san ko sunansa.

Zulai kuwa mace ce mai ƙarancin magana, wadda ko tsakuwa ɗaya ba ta tsere mata a shinkafa. Kowa na ganin yatsun tsohon ba sa zama wuri ɗaya, kowa ya ce rawar tsufa ce. Ita ta zauna ta yi ta kallo, har ta lura cewa hanya ɗaya yatsun ke bi: su naɗa, su zura, su ja, babban yatsa ya auna, su sake komawa farko. Ta sa masa carbi a hannu, ya sumbace shi ya ajiye. Ta kawo kaba ko masaƙin tabarma ne, ya yar. Ta gwada auduga, ta gwada fata, har Sa'ade ta fara yi mata tsiya cewa saura ta kawo masa galma. Rannan ta warware zaren buhu, ta haɗa masa da ɗan tsinke. Kafin la'asar sai ga taru na kamun kifi yana fitowa daga hannunsa, ido bayan ido, ba wanda ya fi wani. Ta juya tarun a tafin hannunta ta gane abu biyu. Idanun ƙanana ne, irin na masu kamun ƙananan kifi a tafki. Ƙullin kuma ta hagu yake kwanciya, don tsohon bahago ne.

Sa'ade ba ta da haƙurin zama, amma ta ƙafa ba a gaya mata. Ta bi direbobi ɗaya bayan ɗaya tana tambayar wa ke ɗauko bandar kifi, kuma daga ina. Aka ambata mata garuruwa barkatai. Ta bar wa 'yarta ƙwaryar fura, ta ƙulle guntun tarun a bakin mayafi, duk ranar kasuwa ta kama hanya. Ta riƙa ɗaga tarun mutane tana duba ƙulli, masunta na dariya suna cewa ga mai fura ta zo koyon su. Ƙafarta ta kumbura, ta gasa ta da ruwan zafi ta sake fita. A wata tunga aka ce mata ba wanda ya ɓace musu. Har ta juya za ta hau mota, sai ta hango wani tsohon taru da aka kewaye shukar barkono da shi don kaji. Ta tsuguna ta duba. Ƙullin hagu ne. Mai lambun ya ce, "Ai wannan saƙar Baba Jatau ce, na Tungar Ƙirya, ƙetaren tafki. Allah ya jiƙansa, ruwa ya ci shi." Ashe takalmansa aka tsinta a bakin ruwa, shi ya sa aka yi ta lalube a tafki, ba wanda ya tuna da titi. An yi addu'a an watse, sai dai matarsa Inna Delu ta ƙi shiga takaba, ta ce sai ta ga gawa.

Su uku suka rako shi, Rakiya na riƙe da hannunsa a cikin kwale-kwale. Bai gane ƙofar gidansa ba. 'Ya'yansa maza suka faɗi a gabansa suna kuka, ya gaishe su kamar baƙi. Sai ga wata ƙaramar tsohuwa ta fito daga ɗaki tana dafa bango. Ya dube ta, ya ɓata fuska.

"Delu, ina kika shige? Tun safe nake nemanki."

"Ga ni, Malam," in ji ta. "Unguwa na je."

Gaskiya ta faɗa. Ranar da ya ɓace ta je duba jikarsu ne mai tsohon ciki, ya farka bai gan ta ba, ya fita nemanta, ya bi kwale-kwale ya ƙetare, har ya hau motar kifi. Rakiya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi kukan daɗi har ta ƙoshi.

To, jikar nan ta sauka lafiya, an sami mace, washegari kuma suna. Uban jaririyar ya bar wa Inna Delu zaɓi. Ta kira matan uku cikin ɗaki ta ce, "'Ya'yana, ba ni da abin da zan saka muku da shi. Amma yarinyar nan za ta ci sunan wadda ta dawo mini da mijina, don a riƙa kiransa a gidan nan bayan ba mu." Rakiya ta ce Sa'ade ce ta sha hanya. Sa'ade ta ce ba don Zulai ba, da me za ta nuna wa mutane? Zulai ta sunkuyar da kai ta ce ai gawa ba ta saƙa, Rakiya ce ta riƙe shi da rai. Tsohuwa ta dubi wannan ta dubi waccan, duk ta ji tana son su.

Jaririya ɗaya ce, suna ɗaya za a raɗa mata, rago na ɗaure, liman na jira. To, ku da kuka ji da kunnenku, tsakanin Rakiya da Zulai da Sa'ade, wace ce ta fi cancanta a yi mata takwara?