Igiyar da Ba a Duba Ba

Akwai wani mutum mai haƙar rijiya, yana da abokin aiki ana ce da shi Ishaya. Shekara goma sha ɗaya suna aiki tare. Ishaya ne ke shiga rami yana sara, shi kuwa mutumin yana tsayawa a baki, yana jawo kwandon ƙasa da igiya.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida guda. Kowace safiya, kafin kowa ya sa ƙafa a rami, su biyun sukan zauna su bi igiyar da hannu, kamu ɗaya-ɗaya, wannan yana miƙa wa wancan, daga farkonta har ƙarshe. Gama kowane kwando da za a jawo, ta bisa kan wanda ke ƙasa yake wucewa.

Wata rana a gidan biki Ishaya ya yi masa ba'a a gaban jama'a, ya ce, "Ku tambayi mutumina, rabonsa da gindin rijiya tun ranar da kunama ta koro shi. Ni ke haƙa, shi ke shan iska." Aka yi dariya. Ran mutumin ya ɓaci, ya ce, "Ci gaba. Wata rana za ka shiga, ba za ka fito ba." Mutane da yawa sun ji.

Kashegari suka isa wurin aiki, ba wanda ya gai da wani. Igiya tana ajiye a tsakaninsu. Duk wanda ya ɗauke ta, dole ya ce, "Zo mu duba," kowannensu kuwa yana jiran ɗan'uwansa ya fara buɗe baki. Ishaya ya gaji da tsayuwa, ya shiga rami. Haka suka yi kwana uku. A rana ta huɗu, kwando cike da marmara ya kusa kaiwa baki, sai igiya ta tsinke. Mutumin ya bi matakan jikin rijiya ya sauka, ya goyo abokinsa ya fito da shi, amma rai ya riga ya yi halinsa.

'Yan'uwan Ishaya suka kai ƙara, suka ce kisan ganganci ne, wanda hukuncinsa kisa ne.

Alƙali ya ce, "Abu uku shari'a take nema. Na fari, rai ya fita, wannan ba gardama. Na biyu, ta hannun wanda ake tuhuma ya fita, igiya kuwa a hannunsa take. Saura niyya. Ita ba a ganinta da ido, sai dai a bi sawunta."

Shaidu suka maimaita maganar gidan biki, kalma ba ta faɗi ƙasa ba. Sa'an nan aka kira wani tsoho mai tufkar igiya. Ya jujjuya inda ta tsinke, ya ce, "Ranka ya daɗe, wuƙa ba ta taɓa wannan ba. Ɓera ne ya fara, nauyi ya ƙarasa."

Mutumin ya gane cewa in ya yi shiru ya tsira ke nan. Ya dubi matar Ishaya tana zaune da jariri a cinya, sai ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, akwai abin da tsoho bai sani ba. Tun rana ta biyu na ji wurin nan ya yi kaushi a tafin hannuna."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Muna gaba. Na ce bari sai gobe."

"Ka so ta tsinke? Ka so ya mutu?"

"A'a. So na yi ya fara gaishe ni."

Matar Ishaya ta nemi izinin magana, ta kwance bakin zanenta, ta fito da goro biyu da suka bushe. Ta ce, "A aljihun rigar mijina na same su. Da safiyar ranar ya ce mini ɗaya nasa ne, ɗaya na abokinsa, in dai abokin ya fara gaishe shi."

Alƙali ya daɗe yana rubutu. Ya ce, "Maganar fushi sawu ce, amma ba ta kai ni ga niyya ba. Ban sami kisan ganganci a nan ba. Na sami sakacin wanda ya san haɗari ya yi shiru a kansa." Ya yanke masa shekara uku. Da za a fita da shi, matar ta sa masa goro ɗaya a hannu. Bai iya ɗaga kai ya dube ta ba.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Shari'a tana da gaskiya da take bambanta mai niyyar kisa da wanda ba shi da ita, gama ba daidai ba ne a auna su da mudu ɗaya. Amma alƙalin duniya sawu yake bi, Ubangiji kuwa yana ganin zuciyar kanta, tun kafin hannu ya motsa. Mutumin nan bai taɓa ƙulla kisa ba. Girman kai kaɗan ya ajiye, na kwana huɗu kacal, shi ya haƙa kabarin abokinsa. Duk da haka, sa'ad da ƙofar tsira ta buɗe masa, gaskiya ya zaɓa, jinƙai kuwa ya zo masa daga hannun da bai yi tsammani ba. Haka Allah yake karɓar mai tuba.

Yawancinmu ba za mu taɓa ɗaga wuƙa a kan kowa ba. Amma a bencin nan da muke zaune, akwai wanda ya yi wata guda bai gai da ƙanensa ba, yana jira a fara gaishe shi. Ɗan'uwa, ka riga ka ji inda igiyar ta yi kaushi. Kada ka bar ta sai gobe. Kai ne za ka ɗauke ta yau, ka ce masa, "Zo mu duba."