Goge Biyu Daga Duma Ɗaya

A wani zamani an yi wani sarki mai son daidaito, yana da makaɗan goge biyu, Cindo da Jatau, waɗanda ba su cika yi wa juna addu'a ba. Don ya kashe hassadar, sai ya umarci wani dattijo mai haɗa goge, Nomau, ya yi musu guda biyu iri ɗaya.

Nomau ya yi iyakar hikimarsa: ya raba duma ɗaya biyu, ya rufe su da fatar guza ɗaya, ya ɗebi tsirkiya daga wutsiyar doki ɗaya. Amma da aka goga a fada, na Cindo ya fito garau, na Jatau kuwa kamar mai mura.

Jatau ya faɗi ya ce, “Ranka ya daɗe, Nomau surukin Cindo ne fa. Ni ya ba ni tsohuwar akuya.”

Sarki ya ce in ha'inci ya tabbata, Nomau zai bar garin. Nomau ya sunkuya, domin shekara arba'in yana sana'ar, kuma shi kansa bai san dalili ba.

Waziri Zubairu, wanda bai taɓa riƙe goge ba, ya nemi izni aka kawo ɗanyen duma daga gona. Ya nuna gefen da ya kwanta a ƙasa, fari-fari, da gefen da ya sha rana. Aka fafe, sai ga kaurinsu ya bambanta.

Ya ce, “Allah ya ba ka nasara, dattijon nan ya raba daidai, duman ne bai girma daidai ba. Guza kuma, iyakar sanina, bai yi wa kowa alkawarin bayansa da cikinsa za su zo ɗaya ba.”

Sarki ya yi murmushi, ya sallami Nomau da girmansa, ya yafa wa Waziri alkyabba.

A ƙofar fada Nomau ya durƙusa ya ce, “Waziri, kai ka bar ni kusa da kabarin iyayena. Ba ni da abin godiya sai hannuna, bari in haɗa maka goge.”

Waziri ya ce, “Na karɓi niyya, Baba. Gogen kuwa ka riƙe, ina da sauran mutunci wurin malamai.”

Masu hankali suka ce, hukuncin da ya riga bincike, ko ya faɗa daidai, sa'a ce, ba adalci ba.